Yadda Ake Mai da Sabon Fiyuta Kamar Tsoho

Uwargida, ke da kika saba da tsamiya da toka wajen goge tasoshin jere har sai kin ga fuskarki a ciki, yau ga labarin da zai ba ki mamaki. Akwai mutanen da in sun sayi sabon kofi ko faranti yana walƙiya, hankalinsu ba ya kwanciya sai sun dusashe shi, sun sa masa baƙi-baƙi a lungunan zanensa, ya koma kamar wanda aka gada tun kaka da kakanni. Kada ki yi musu dariya tukuna. Sana'a ce mai ƙa'ida, ana cin abinci da ita a Ingila da Amurka da Malesiya, kuma ba ta fi ƙarfin mace mai natsuwa ba. Amma akwai guba a cikinta, akwai kuma hanyar cuta, saboda haka ki karanta har ƙarshe kafin ki taɓa kome.

Ƙarfen da ake yi wa wannan aiki Turawan Ingila suna kiransa fiyuta. Ba haƙo shi ake yi daga ƙasa ba, haɗa shi ake yi. Na zamanin nan, kimanin kashi 92 cikin 100 nasa kuza ce tsantsa, sa'an nan a ƙara wani ƙarfe mai suna antimoni kamar kashi 6, da jan ƙarfe kamar kashi 2. Kuza ita kaɗai ta cika laushi, waɗannan biyu su ke ba ta ƙwari. Launinsa fari ne mai ɗan toka-toka, in an goge shi sai ki ce azurfa ce, shi ya sa a can ake yi masa laƙabi da azurfar talaka. Ba ya tsatsa. Ba ya kuma jimre wa wuta, gama kuza takan narke a digiri 232, alhali kuwa jan ƙarfe sai ya haura digiri 1,000. Watau wutar murhun girkinki ta isa ta mai da kofin fiyuta ruwa. Wannan sauƙin narkewa shi ya sa ake zuba shi cikin mazubi a fitar da kofuna, da cokula, da maɓallai, da sarƙoƙin wuya, da kayan ado iri iri. Har a makarantun Ingila akan koya wa yara zubinsa, malami na tsaye a kansu.

Da jin an ce kuza kin san ba baƙuwarmu ba ce. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Ririwai, a kudancin ƙasar Kano, suna narka ta, suna zuba ta siraran sanduna kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni. Daga farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka kama haƙar ta a Jos da Bukuru, mutanenmu da yawa suka tafi cin kuza, har aka ja ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta isa can a 1914, aka rufe ta a 1957. A 1985 farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya, manyan kamfanoni suka naɗe kayansu, suka bar kududdufan da har yau ake gani a Filato. Kuza dai mun haƙa mun sayar, amma sana'ar fiyuta ba ta zauna a wurinmu ba. Maƙeranmu na fari sun fi karkata ga azurfa da tagulla.

Gidanta na sosai shi ne Turai. A birnin Landan tun 1348 maƙeran fiyuta suke da dokokin sana'arsu, a 1474 kuma Sarkin Ingila ya ba ƙungiyarsu takardar izini. Shugabanninta sukan bi shago-shago suna gwada kaya, wanda suka samu ya cika dalma su ƙwace shi. Kowane maƙeri yana da hatiminsa da yake bugawa a gindin abin da ya ƙera, don in aiki ya ɓaci a san wanda za a kama. Shekaru ɗaruruwa da shi masu hali suke cin abinci, kafin tangaran da gilashi su yi araha su ture shi. Wajen 1770 maƙeran Shefil suka fito da irin da ba a sa masa dalma, mai haske da ƙwari, wanda shi ne kakan na yanzu. A Malesiya kuwa, ƙasar da ita ma take da arzikin kuza, wani maƙeri ɗan Sin mai suna Yong Koon ya kafa shago a Kwala Lamfur a 1885, shagon nan shi ne ya zama kamfanin Royal Selangor da ya yi suna a duniya.

To, me ya sa na dā yake da duhu, na yanzu kuwa yake fari? Amsar ita ce dalma, da kuma daɗewa. Maƙeran dā sukan haɗa kuza da dalma don ta fi araha kuma tana sa zubi ya yi sauƙi. Fiyuta mai dalma yana saurin yin duhu in iska ta daɗe tana dukansa, sai wata fata mai launin toka ta rufe shi, ta yi kauri a cikin ramukan zane inda tsumma ba ya kaiwa, wuraren da hannu ke yawan taɓawa kuwa su zauna da sheƙinsu. Wannan bambanci na duhu da haske shi ne abin da masu tara kayan tarihi suke so. Na yanzu da ba shi da dalma yakan yi shekaru bai sake fuska ba, sai dai ya ɗan dusashe. Wanda yake son kamannin tsufa, ba ya kuma iya jiran shekara 100, dole ya nemi dabara.

A nan sai mu ɗan tsaya, don batun dalma ba na wasa ba ne. A Hausarmu ta dā akan kira kuzar da aka narka dalma, ita ma dalmar a kira ta dalma, amma ƙarafa biyu ne dabam. Kuza ba ta da lahani a kwanon abinci, da ita ake shafe cikin gwangwanin madara da na tumatir. Dalma kuwa guba ce. Tana taruwa a jiki sannu sannu, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, in ta yi yawa ta kawo jijjiga da mutuwa. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Saboda haka in tsohon kofin fiyuta ya faɗo hannunki daga kayan gwanjo ko tsarabar wani, ki ajiye shi a kan kanta don kallo, kada ki sha a ciki, balle ki ba yaro. Mai dalma yakan fi nauyi a hannu, launinsa yana da ɗan shuɗi-shuɗi, in kin goga gefensa a farar takarda yakan bar layi kamar na fensir. Waɗannan alamu ne kawai. Wanda ba ki tabbatar da asalinsa ba, ki ɗauke shi mai dalma ne.

Ban da son tsufa, akwai dalili mai kyau na yin wannan aiki. Ki ɗauki sabon abin wuya na fiyuta mai zanen fure ki duba shi a rana. Haske yana dukan ko'ina daidai, zanen ya ɓace, sai walƙiya kawai kike gani. In ramukan suka yi baƙi, tuddan suka yi fari, nan da nan furen zai fito, kowane ganye da jijiyarsa. Kamar tozali ne a ido. Shi ya sa aikin ya fi kyau a kan abu mai zane mai zurfi. Faranti sumul wanda ba shi da zane ba ya cin ribar kome, sai ma ya zama kamar mai dauɗa.

Yanzu ga aikin kansa. Rabinsa duk wanki ne, kuma nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Abin da ya fito daga mazubi yakan zo da ɗan tudun layi inda ɓangarorin mazubin suka haɗu, da kuma kututturen inda aka zuba ƙarfen. Ki share su da ƙaramin magagari, ki bi da takardar yashi mai laushi. Ki yi a hankali, fiyuta yana da taushi, magagari yana cinsa kamar sabulu. Sa'an nan ki wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, kina cuɗa ramukan da tsohon buroshin haƙori, don a fitar da hodar da ake barbaɗa wa mazubi da kuma maiƙo. Ki ɗauraye, ki shanya, ki share da auduga da sifirit. Daga nan kada yatsanki ya sāke taɓa shi. Maiƙon hannu ba ya ganuwa, amma duk inda ya zauna magani ba zai kama ba, sai ki ga hoton yatsanki fari fes a tsakiyar baƙi. In abin saye kika yi a kanti, ki lura ko an shafe shi da wani man sheƙi mai kama da gilashi. Irin wannan sai an cire shi tukuna, in ba haka ba ruwan magani zai zame ta kansa kawai. Daga ƙarshe ki ɗan murza fuskar da soson ƙarfe mafi laushi, wanda ake rubuta sifiri huɗu a jikin takardarsa. Ba irin na wanke tukunya ba, wannan zai yi masa rauni.

Hanya mafi sauƙi, wadda a ganina ta ishi yawancinmu, ba ta da guba ko kaɗan. Ki samo baƙin fenti irin na 'yan makaranta wanda ake tsarma shi da ruwa amma in ya bushe ba ya wankuwa, ki sirka shi har ya yi ruwa-ruwa kamar tawada. In kin ɗiga masa ɗan ruwan ƙasa-ƙasa ya fi kama da na gaske, gama tsohon fiyuta ba baƙi ƙirin ba ne. Ki shafe abin duka da buroshi, ki tura fentin cikin kowane lungu, sa'an nan tun bai bushe ba ki share saman da tsumma mai laushi wanda kika naɗe a yatsa. Tsumman ya zama a miƙe, don ya share tuddai kaɗai ya bar ramuka. In bai yi duhu yadda kike so ba, ki bari ya bushe ki sāke. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri kyau. Baƙin man takalmi ma yana yi, sai dai yana goguwa a tufafi, saboda haka kada ki sa shi a maɓalli ko abin wuya da zai kwanta a kan farar riga. Aibin wannan hanya ɗaya ne: launin yana zaune ne a kan ƙarfen, bai shiga jikinsa ba, yau da gobe zai koɗe.

Wata za ta ce ai ta san dabarar dafaffen ƙwai, wadda ake rufe azurfa da shi cikin kwano ta wayi gari baƙa. Gaskiya ne, ga azurfa. Warin nan na ƙwai shi ke kama azurfa da jan ƙarfe ya baƙanta su, amma kuza ba ta kula shi. Za ki yi hasarar ƙwanki a banza. Ruwan tsami da gishiri kuma iyakarsu su kashe sheƙin, su bar shi fari-fari, in an bar shi ya kwana a ciki ma su yi masa ƙananan ramuka kamar zanzana.

Hanya ta biyu ita ce ta wani gishiri shuɗi mai suna kofa salfet, wanda manoma suke haɗa maganin feshi da shi, 'yan makarantar sakandare kuma sun san shi a ɗakin kimiyya. Akwai jan ƙarfe narke a cikinsa. In kika jiƙa cokalin shayi ɗaya a kofin ruwan ɗumi, kika shafa wa fiyuta mai tsabta, kuza takan ture jan ƙarfen nan daga cikin ruwa ta maye gurbinsa, shi kuwa ya kwanta a fuskar abin. Sai ki ga launi ya juya ja-ja zuwa ƙasa-ƙasa. Yana da kyau ga wadda ke son kamannin tsohuwar tagulla, amma ba shi ne launin tsohon fiyuta na sosai ba.

Masu sana'a ruwan kwalba suke saye, wanda aka haɗa musamman don baƙanta fiyuta. Irin wanda masu haɗa gilashin taga mai launi suke baƙanta lodinsu da shi ma yana kamawa. Yawancinsu sun ƙunshi wannan shuɗin gishiri, da asid, da wani sinadari mai suna seleniyam. Asid yana buɗe fuskar ƙarfen, jan ƙarfe da seleniyam kuma su haɗu su kwanta a kai baƙi. Aikinsa kamar ƙiftawar ido ne, kina shafawa yana yin duhu. Amma fa seleniyam guba ne mai ƙarfi, asid kuma yana ƙona fata da ido. In za ki yi aiki da shi, sai a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, nesa da madafa, da safar hannu ta roba da tabarau, yara kuma suna makaranta ko suna wani gida. Kwanon da za ki zuba shi ya zama na roba ko gilashi, kuma ya bar aikin abinci har abada. In za ki sirka, ruwa ake fara zubawa sa'an nan a ɗiga maganin a kai. Kada ki juye shi a kwalbar lemo, launinsa shuɗi ne mai jan idon yaro. Ki bar shi a kwalbarsa, ki kulle a akwati. 'Yan makaranta, wannan hanya ba taku ba ce sai da malama a tsaye.

Sirrin wannan ruwa shi ne a sirka shi. In kika shafa shi da ƙarfinsa, baƙin yakan taru da sauri ya yi kauri, ya zama kamar kunkunniya, kina gogawa yana zubewa ya bar ƙarfen dabbare-dabbare. Marar ƙarfi kuwa yana kamawa sannu, ya riƙe gam. Ki fara gwadawa a bayan abin ko a kan kututturen da kika yanke. Ki shafa, ki ƙidaya kamar ashirin, ki ɗauraye, ki duba. In da saura ki ƙara. Sa'ad da launin ya yi miki, ki tsoma abin cikin ruwan da kika jiƙa 'yar kanwa kaɗan, don ta kashe ragowar asid. In kika tsallake wannan, asid zai zauna a ramuka yana ci, bayan mako biyu ki ga farin gari yana fitowa. Kada kuma ki bar shi ya jiƙa a ruwan kanwar, ita ma in ta daɗe tana cin kuza. Tsomawa ɗaya, sai ɗauraya da ruwa mai yawa, sai shanya. Ragowar maganin kada a zubar da shi kusa da rijiya, ko inda kaji da awaki suke sha.

A wannan lokaci abin zai yi muni ƙwarai, baƙi dumu-dumu kamar an tsamo shi daga gobara. Kada gabanki ya faɗi, yanzu ne gwaninta za ta fito. Ki ɗauki soson nan mai laushi ki riƙa goge tuddai kaɗan kaɗan. Kafin ki goge ko'ina, ki tambayi kanki: da wannan abu ya yi shekara 100 a hannun mutane, ina ne zai sha taɓawa? A kofi, mariƙi ne, da baki, da cikin da tafin hannu ke rungumewa. A maɓalli, tsakiyarsa ne da gefensa. Waɗannan su za su yi haske. Ƙarƙashin mariƙi, da gindi, da cikin zane, a bar su da duhunsu. Ki dubi tsohuwar taɓaryarki ki ga inda ta yi santsi da inda ba ta yi ba, darasin ke nan. Wadda ta goge ko'ina daidai wa daida ta ɓata wahalarta, gama tsufa ba ya zuwa daidai wa daida. Ki riƙa goga ta fuska ɗaya, kina tsayawa kina duba abin daga nesa. Gara ki bar baƙi ya yi yawa, ana iya ragewa gobe.

Abu na ƙarshe shi ne kaki. Ki shafa kakin zuma kaɗan, ki bari ya sha iska, ki murza da tsumma mai laushi. Yana tsare baƙin daga goguwa, yana kuma ba abin wani sheƙi mai sanyi wanda ba ya kashe ido.

Akwai wuraren da wannan magani ba ya zuwa. Cikin kofi, da bakinsa, da kan cokali, da fuskar farantin da za a zuba abinci, duk a bar su fari. Bayan abin wuya da na 'yan kunne, inda ke manne da fata, shi ma a goge shi tas, don zufa tana narka baƙin. Haka kuma abin da yake tsoho na gaske, mai hatimin maƙeri a gindi, kada ki sa masa magani, kada kuma ki kai masa toka da tsamiya irin na tasoshinki. Fatar nan mai duhu da ta ɗauki shekaru tana taruwa ita ce darajarsa, mai saye yana ganin an kankare ta zai rage kuɗi.

Wannan ya kawo mu ga cutar da muka ambata da fari. A shekarun 1920, sa'ad da tara tsohon fiyuta ya zama yayi a Ingila, wasu suka riƙa ƙera sabo suna baƙanta shi, suna buga masa hatimin maƙeran da suka daɗe da mutuwa, suna yi masa zanen wuƙa da lotsawa, suna sayarwa da tsada. Har yau irin waɗannan suna yawo a kasuwa. In an kawo miki wani abu an ce na tarihi ne, ki juya shi ki duba. Na gaske gindinsa ya cinye inda yake gogar tebur, maƙalar murfinsa ta yi sako-sako don yawan buɗewa, duhunsa kuma yana da tauri, farce ba ya kankare shi. Na jabu baƙinsa iri ɗaya ne ko'ina, in kin murza da farin tsumma mai ɗan sifirit sau da yawa yakan bar shaida, hatiminsa kuma ya cika fitowa sarai a kan abin da aka ce ya sha jiki. Ke kuma in kin iya aikin har kina sayarwa, ki gaya wa mai saye cewa sabo ne aka yi masa kwalliyar tsufa. Masu so suna nan, kamfanoni ma haka suke rubutawa a jikin kayansu.

Wajen ajiya ba shi da wahala. Ruwan ɗumi da sabulu kaɗan sun isa, a share shi nan take da tsumma don kada ruwa ya bar tabo. Kada a bar lemon tsami ko kunun tsamiya ya kwana a ciki, kada a aza shi kusa da murhu ko a kan risho. Man goge azurfa kuma ki nisanta shi da shi, shafa ɗaya zai kwashe baƙin da kika sha wahalar sawa. Kakin nan kuwa a sabunta shi kamar sau biyu a shekara, bayan damina da bayan hunturu, lokacin da ƙura ta kwanta.